Sofistawa: Malaman da Suka Sayar da Iya Magana a Ƙasar Girka



An ba mu dama mu tofa albarkacin bakinmu a kan wani sashe na falsafar Girkawan dā, mu kuwa sai muka zaɓi mutanen da suka fi shan zagi a cikinta, watau Sofistawa. Kusan shekara 2,400 ke nan da shuɗewarsu, amma har gobe in Bature ya ce da kai Basofiste, to ya kira ka mai wasa da hankalin jama'a ne. Abin da muke so mu bincika shi ne ko sun cancanci wannan suna, domin shari'ar tasu ta shafe mu. Duk wanda ya taɓa zama a zauren nan lokacin zaɓen ƙungiyar ɗalibai, ya ga yadda mai zaƙin baki yake kwashe ƙuri'u ya bar mai gaskiya yana in'ina, ya riga ya san matsalar da za mu tattauna, ko da bai taɓa jin sunan Girka ba. Sai dai a lura, yawancin shekarun da za mu ambata na kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salamu, da baya-baya ake ƙirga su, watau shekarar 427 ta zo ne bayan shekarar 460.

Ba za a gane Sofistawa ba sai an san birnin da ya buɗe musu kasuwa. Wajen shekarar 462 aka yi wa tsarin mulkin Atina gyara, aka rage ikon majalisar manya, al'amura suka koma hannun taron 'yan ƙasa. Kowane namiji baligi, ɗan asalin birnin, yana da ikon ya hau dutsen da ake taro ya yi magana a kan yaƙi ko sulhu ko kuɗin baitulmali, a ɗaga hannu a yanke shawara nan take. Mata da bayi da baƙi ba su da baki a ciki, kada a manta da wannan in ana yabon dimokuraɗiyyar Atina. Sha'anin kotu ya fi haka ban mamaki. Babu alƙali guda mai yanke hukunci, babu lauya. Talakawa ne ake zaɓa ta hanyar ƙuri'a, mutum 201 ko 501, wani lokaci fiye, su zauna su saurara. Wanda aka kai ƙara shi zai miƙe ya kare kansa da bakinsa, ga kuma wata tukunya mai huji tana zubar da ruwa, da ruwan ya ƙare lokacinsa ya ƙare. To, a ƙasa irin wannan, wanda bai iya magana ba yana iya rasa gonarsa, ko a kore shi daga gari, ko ma ya rasa ransa. Karatun da ake yi wa yara kuwa bai wuce rubutu da haddar waƙoƙin Homa da kiɗa da motsa jiki ba. Yaro in ya tasa, babu wata makaranta a gaba.

Wannan giɓi ne Sofistawa suka zo suka cike. Asalin kalmar ba zagi ba ce, ma'anarta gwani ko mai hikima. Yawancinsu baƙi ne a Atina, suna yawo gari gari, su sauka a gidan wani attajiri, samari su kewaye su. Furotagoras mutumin Abdera ne, Gorjiyas daga Liyontini ta tsibirin Sisili ya fito, Furodikus daga tsibirin Keyos, Hifiyas kuma daga Elis. Ba ɗarika ɗaya ba ce mai shehi guda, kowa da inda ya fi ƙarfi, har ma kishi suke da juna. Abin da ya haɗa su biyu ne: suna da'awar za su iya koya wa mutum yadda zai yi fice a sha'anin gari, kuma suna karɓar kuɗi.

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Marubutan baya sun ruwaito cewa Furotagoras yakan karɓi mina 100 a kan ɗalibi. Mina ɗaya darakma 100 ce, kuma daga wannan darakma ce kalmar dirhami ta samo asali. Magini a Atina ta wancan zamani darakma ɗaya yake samu a yini, saboda haka sai ya yi shekara 27 yana aiki ba hutu, bai ci ko anini ba, kafin ya tara kuɗin makarantar ɗansa. Ko da an ce masu ruwaya sun ƙara gishiri, Aflatun da kansa ya ambaci wani ƙaramin malami, Ebenus mutumin Faros, wanda yake karɓar mina 5, wannan ma ya fi ƙarfin talaka. Furodikus yana da lacca ta darakma 50 da kuma ta darakma ɗaya, har Sukurat yakan yi ba'a ya ce shi ta darakma ɗayar kawai ya iya saurara, shi ya sa iliminsa bai cika ba. Amma a yi wa Furotagoras adalci: in ɗalibi ya ga kuɗin sun yi yawa, yakan ce masa ya tafi ɗakin bauta ya rantse a kan abin da yake ganin karatun ya cancanta, ya biya wannan.

Bari mu daɗe kaɗan a kan Furotagoras, don shi ne babbansu. An haife shi wajen shekarar 490, ya yi abota da Ferikilis shugaban Atina, kuma da aka kafa sabon birnin Turiyi a kudancin Italiya wajen shekarar 444, an ruwaito cewa shi aka ɗora wa tsara dokokinsa. Ra'ayinsa da ya fi shahara shi ne ɗan Adam ne mudun da ake auna kome da shi. Misalin da Aflatun ya kawo don fayyace wannan shi ne iska: tana kaɗawa, wani yana rawar ɗari, wani kuwa ko a jikinsa. Shin iskar mai sanyi ce ko ba mai sanyi ba? Furotagoras zai ce mai sanyi ce ga wanda ya ji sanyi, ba mai sanyi ba ce ga ɗayan, kuma babu wani na uku da zai tsaya a waje ya raba gardama. In a kan iska aka tsaya, ba wanda zai damu. Rikicin yana farawa ne in aka ɗauki wannan mudu aka kai shi kan adalci da zalunci, aka ce abin da kowane gari ya ɗauka daidai ne, to daidai ne a gare shi muddin yana ganinsa haka.

Daga nan ne ya koyar da cewa kowace magana tana da fuska biyu masu karo da juna, kuma yakan horar da ɗalibi ya kare wannan ya koma ya kare waccan. Jama'a, ashe ba abin da muke yi ke nan a ƙungiyar muhawara ba, inda ake jefa kwabo a ce kai ka goyi baya, kai kuma ka soka? Mu muna kiransa horo. Mutanen Atina da yawa sun kira shi koya wa yara yadda za su mai da hujja mai rauni ta rinjayi mai ƙarfi. Akwai wani labari da aka daɗe ana bayarwa don a yi masa dariya. Wai ya yi yarjejeniya da wani ɗalibi mai suna Yuwatulus cewa zai biya sauran kuɗin karatu ranar da ya ci shari'arsa ta farko. Yaro ya gama karatu ya ƙi shiga kowace shari'a. Malam ya kai shi ƙara ya ce: in na ci, kotu ta ce ka biya, in ka ci, yarjejeniya ta ce ka biya. Yaro ya ce: in na ci, kotu ta ce kada in biya, in ka ci, ban ci shari'ata ta farko ba, yarjejeniya ta ce kada in biya. Aka ce masu hukunci sun ɗage zama. 'Yan'uwanmu na sashen shari'a sai su warware mana.

Amma wanda ya tsaya a kan wannan labari ya cuci mutumin. A cikin littafin da Aflatun ya sa wa sunansa, an tambayi Furotagoras dalilin da ya sa Atinawa suke neman gwani in za a ƙera jirgi, amma in sha'anin mulki ne sai su saurari maƙeri da baduku. Ya amsa da cewa sana'o'i an raba su ne, likita ɗaya ya ishi mutane da yawa, amma kunya da sanin adalci kowa aka ba rabonsa, don in da 'yan kaɗan ne suke da su da gari bai zaunu ba. Ya ƙara da cewa mai hankali ba ya hukunta mai laifi don ramuwa, tun da abin da ya wuce ba ya dawowa, sai don ya gyaru, na baya kuma su ji tsoro. A ganinmu wannan tana cikin hujjoji mafi daɗewa da aka kafa wa mulkin jama'a, kuma daga bakin Basofiste ta fito. Shi ne kuma ya fara rarraba sunaye zuwa namiji da tamace da na kayan aiki, ya raba zance zuwa roƙo da tambaya da amsa da umarni. Masu nazarin nahawu a cikinmu jikokinsa ne, ko sun sani ko ba su sani ba.

Gorjiyas shi kuma wani irin mutum ne dabam. A shekarar 427 ya zo Atina a matsayin jakadan garinsu, yana neman taimakon yaƙi, ya yi jawabin da ya bar mutane baki buɗe saboda yadda yake jera kalmomi masu amo ɗaya, yana auna jimla da jimla kamar mai saƙa. Ya rubuta wata maƙala inda ya kafa hujja cewa babu wani abu da yake akwai, in ma akwai ba za a san shi ba, in ma an san shi ba za a iya sanar da wani ba. Har yau masana suna gardama ko da gaske yake ko kuwa ba'a yake yi wa masu falsafar da suka gabace shi. Ya kuma rubuta jawabin wanke Helen, matar da Girkawa suke ɗora wa alhakin yaƙin Taroyi, ya ce in da lallashi aka ɗauke ta to ba ta da laifi, domin magana tana aiki a zuciya kamar yadda magani yake aiki a jiki, wani ya warkar, wani ya kashe. Mu da muka gaji karin maganar da ke cewa baki shi ke yanka wuya ba mu buƙatar a fassara mana wannan. Yakan yi alfahari cewa yana raka ɗan'uwansa likita wurin majiyyata, in majiyyaci ya ƙi shan magani likita ya rasa yadda zai yi, shi sai ya shawo kansa da baki kawai.

A nan ne Sukurat ya kama shi, kamar yadda Aflatun ya tsara muhawarar. In mai iya magana ya fi likita shawo kan jama'a a kan sha'anin lafiya, ai a gaban jahilai ne kawai zai fi shi. Ya kwatanta abin da a ce mai sayar da alawa ya kai likita ƙara, yara ƙanana kuma su ne masu hukunci. Me likita zai ce? Shi ne mai ba su abu mai ɗaci, mai tsaga su, mai hana su abin da suke so. Gorjiyas ya kare kansa da cewa in ka koya wa yaro dambe ya je ya doki ubansa, ba malamin dambe za a kora daga gari ba. Amsar tana da ƙarfi, amma ba ta kashe maganar ba, don mai koyar da dambe bai taɓa cewa zai mai da ɗanka shugaba nagari ba.

Kada a zaci wannan gardamar malamai ce kurum. A shekarar nan ta 427 da Gorjiyas ya zo, taron Atina ya yanke hukunci a kan birnin Mitilini da ya yi tawaye: a kashe duk mazajensa, a bautar da mata da yara. Aka tura jirgi da umarni. Da gari ya waye sai zukata suka yi sanyi, aka sake kiran taro. Kiliyon, wanda ya kawo shawarar kisan, ya zargi jama'a da cewa sun zama 'yan kallon Sofistawa, suna bin daɗin zance. Wani mai suna Diyodotus ya miƙe, bai ko roƙi tausayi ba, ya nuna musu cewa kisan ba zai amfane su ba, domin duk garin da ya yi tawaye nan gaba zai yi yaƙi har mutum na ƙarshe tun da ya san babu afuwa. Da ƙyar ya yi rinjaye. Aka tura jirgi na biyu, matuƙa suna ci suna tuƙi, suna barci bi da bi, suka isa an riga an karanta umarnin farko ba a kai ga zartarwa ba. Tusididis ne ya rubuta wannan tarihi. Duba fa, fuska ta biyu ta magana ita ce ta ceci gari guda. Amma shekara 11 bayan haka, a 416, Atinawan nan suka je tsibirin Melos suka gaya wa mutanensa cewa zancen adalci sai tsakanin tsara da tsara, mai ƙarfi yana yin abin da ya iya ne. Suka kashe mazaje, suka sayar da mata da yara. Wannan ma harshen makarantar ne, kusan abin da Tirasimakus ya faɗa ke nan a littafin Jamhuriya na Aflatun, cewa adalci shi ne abin da ya amfani mai ƙarfi.

Tushen duka biyun tambaya ɗaya ce da Sofistawa suka yayata: a cikin abubuwan da muke bi, wanne ne halitta, wanne ne al'adar da mutane suka ƙaga? Wuƙa ce mai kaifi biyu. A shekarar 1915 ta Miladiyya aka buga wasu guntayen takardu da aka tono a Bahnasa ta ƙasar Masar, masu ɗauke da rubutun Antifon. A ciki ya ce Bagirke da wanda ba Bagirke ba halittarsu ɗaya, duka da baki da hanci suke numfashi. Alkidamas, almajirin Gorjiyas, ya ce halitta ba ta yi kowa bawa ba, alhali Aristo da ya zo daga baya, da duk girmansa, ya kafa hujja cewa wasu bayi ne tun daga halitta. Amma a takardun nan na Antifon ne kuma aka ce abin da ya fi wa mutum riba shi ne ya girmama doka in akwai shaidu, in ya kaɗaita kuwa ya bi halinsa. Mai neman 'yanta bawa da mai neman cin amana a ɓoye duka sun sami abin dogara a rumbu ɗaya.

Jama'ar gari ba su tsaya rarrabe wannan da wancan ba. A shekarar 423 Aristofanis ya nuna wasan kwaikwayonsa mai suna Gizagizai, inda wani tsoho da bashi ya yi wa katutu ya kai ɗansa makaranta don ya koyo yadda za a kayar da masu bin bashi. Yaro ya koyo, ya dawo ya lakaɗa wa uban duka, ya kuma kafa hujja cewa daidai ya yi. Shugaban makarantar a cikin wasan Sukurat ne, mutumin da bai taɓa karɓar ko kwabo ba, wanda ya ƙare rayuwarsa yana gardama da Sofistawa. Da Atina ta sha kashi a hannun Isparta a 404, aka shiga neman wanda ya lalata samari. A 399 aka gurfanar da Sukurat, aka yanke masa hukuncin kisa, ya sha guba. Baƙin malaman da suka tara dukiya ba su ne suka sha ta ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a zuciya in yana karanta labarinsu. Littattafan Sofistawa kusan duka sun ɓata, abin da ya rage guntaye ne da 'yan jawabai. Mafi yawan abin da muka sani ta hannun Aflatun ya zo, shi kuwa almajirin Sukurat ne, yana da dalilin da zai sa ya nisanta malaminsa daga gare su iyakar nisantawa. Ga shi kuma ɗan babban gida, mai gadon dukiya, wanda bai yarda da mulkin talakawa ba. Raina mai karɓar ladan koyarwa abu ne mai sauƙi ga wanda bai taɓa neman abin kai wa baki ba. Alƙali ba ya yanke hukunci da jin ta bakin mai ƙara kaɗai, amma haka duniya ta yi wa waɗannan mutane, sai a ƙarni na 19 Hegel a Jamus da George Grote a Ingila suka sake buɗe shari'ar. Mu dai a namu ganin, Aflatun ya yi gaskiya da ya ce rinjaye a taro ba ya mai da ƙarya gaskiya, kuma mudun Furotagoras ba ya iya auna kansa, don in kowane ra'ayi daidai ne ga mai shi, to ra'ayin wanda ya ce Furotagoras ya yi kuskure shi ma daidai ne. Amma maganin da Aflatun ya kawo, watau a miƙa mulki ga 'yan ƙalilan masana a rufe bakin saura, mun fi jin tsoronsa a kan cutar. Laifin da muka fi ganin Sofistawa da shi shi ne farashi. Sun ce shugabanci abin koyo ne, ba gadon jini ba, sa'an nan suka sa masa kuɗin da ɗan attajiri kaɗai zai iya biya. Wanda ya san yawan abokan karatunsa na firamare da suka fi shi kai amma kuɗin makaranta ya tsayar da su, ya san nauyin wannan magana.

Wani zai ce ina ruwan Bahaushe da rigimar Atina? To, sunan nasu ya riga mu zuwa gida. Aristo ya rubuta littafi a kan hujjojin yaudara ya jingina su ga Sofistawa, aka fassara shi zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9 da na 10 na Miladiyya, daga nan Larabci ya sami kalmar safsaɗa. Shehu Abdurrahman Al'ahdari na ƙasar Aljeriya, wanda ya rayu a ƙarni na 16, mai littafin Ahalari da ake fara karatun fiƙihu da shi a zaurukanmu, yana da wata waƙa ta ilmin manɗiƙi mai suna Sullam. A cikinta ya kasa hujjar hankali kashi biyar, safsaɗa ce ta biyar, watau hujjar da aka gina a kan abin da ya yi kama da gaskiya alhali ba ita ba ce. Saboda haka malamin zaure da ya ce da abokin gardamarsa ya daina safsaɗa, sunan su Furotagoras yake kira, da irin ma'anar da abokan hamayyarsu suka ba shi.

Shugaban taro, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.